Ban Ruwa a Stratford

A shekarun da kuɗin mai suka yi wa gwamnatinmu yawa har ta rasa inda za ta zuba su, aka tura ni Landan kwas na wata tara a kan aikin wayar tarho. Ba wai na fi kowa ƙwazo ba ne. Zamani ne da in ka daɗe a tsaye a barandar ma'aikata sai wani ya leƙo ya tambaye ka ko kana da fasfo. Na sauka a farkon watan Oktoba da akwati ɗaya da rigar sanyin da na saya a Kaduna, wadda mai shagon ya rantse mini cewa ko a firji na kwana da ita sai na yi gumi. Allah ya yafe masa.

Makaranta ce ta sama mini ɗaki a Stratford, a gidan wata tsohuwar Baturiya da mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika. Ita a ƙasa, ni a sama. Ranar farko ta faɗa mini sunanta ta ce in riƙa kiran ta da shi. Na ce mata bakina ba zai iya ba, domin ta girmi uwata, Mama zan riƙa cewa. Ta yi kwana biyu tana gyara mini, daga baya ta gaji ta fara amsawa. Kullum da safe in shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, in fito in taka zuwa Aldwych, in zauna a aji har a kunna fitilun titi, wato wajen ƙarfe huɗu.

Na baro matata da ɗanmu na fari, watansa bakwai. Sati uku da zuwana wasiƙar yayana ta iso. Ƙyanda ce. Yaron ya rasu da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, wasiƙar kuwa kwana goma sha biyu ta yi a hanya. A cikin kwanakin nan ina ta nuna wa 'yan ajinmu hotonsa. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, na ce innalillahi, na ninke ta na sa a aljihu, na tafi makaranta domin akwai jarrabawa ranar. Na yi zaton da yamma abin zai zo mini. Bai zo ba, washegari ma bai zo ba. Ina ci, ina salla, ina amsa tambaya a aji, amma duk kamar aikin wani nake riƙe masa kafin ya dawo. Ban gaya wa Mama ba. Ban ga ta inda zan fara da Turanci ba.

Ran Asabar ɗin da ta biyo baya ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce rediyo ya ce yau ruwa zai daskare, in sauko mu kwashe shuke-shukenta kafin rana ta faɗi. A jikin kicin ɗinta akwai wani ɗan ɗaki, bango gilashi, rufi gilashi, mijinta ne ya haɗa shi da hannunsa. Nan muka yini muna jido daga ɗan lambunta. Wasu ta tone saiwarsu ta karkaɗe ƙasar, ga su nan sak dankali. Na tambaye ta ko dafawa ake yi, ta yi dariya har da dafa bango, sannan ta jera su a akwatin katako ta rufe da yashi. Wasu ta aske musu kai ta naɗe su da tsohuwar jarida. Ni dai ina ɗauka ina ajiyewa. A raina ina cewa ga mutane da wahalar da kai, abin da ba a miya da shi ba a magani da shi.

Na ƙarshe shi ne babban. Itace ne da ya kai kafaɗata, a cikin rabin gangar katako, sai da muka mirgina shi a kan tsohon bargo muka ja. Ina ganin ganyen na gane shi. Ɗan uwan yakuwa da rama ne, irin wanda ake shinge da shi a gidajen Turawa a bariki, awaki suna ci yana sake tohowa ba wanda ya kula. Ita hibiskus take kiran sa. Furensa ya ƙare kafin zuwana. Ta ce mijinta ne ya dawo da shi daga yaƙi, can gabas mai nisa, yana ɗan tsiro a gwangwanin madara. Mijin ya yi aiki a masana'antar motoci a Dagenham har ƙarfinsa ya ƙare. Shekara talatin ke nan ana fitar da itacen in ɗumi ya zo, a shigar da shi in sanyi ya taho, shida na ƙarshe ita kaɗai, da roƙon maƙwabta. Ta kai ni falo ta nuna mini hotonsu su biyu a gefen itacen, ya cika da fure. Hoton baƙi da fari ne.

"Duk sauran in sun mutu, sun mutu," in ji ta. "Wannan kuwa shi kaɗai ya rage mini."

A farkon Disamba takardar asibiti ta zo, za a yi mata aiki a ƙugu. Daren jajibiri ba ta yi maganar aikin ba ko sau ɗaya, amma da safe, tana sanye da hular fita, ta kira ni ɗakin gilashi ta tsai da ni gaban itacen. Ta ce in riƙa tura yatsa cikin ƙasar, in na ji ta bushe ƙamas sai in ba shi kofin shayi ɗaya na ruwa, kuma ba zai wuce sau ɗaya a sati biyu ba. Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, na tari numfashinta.

"Mama, ni ɗan lambu ne. Ubana da kakana aikinsu ke nan. Tun ban kai tsawon guga ba nake ban ruwa."

Ba ƙarya na yi ba. A bakin fadama aka haife ni, kusa da Zariya, kuma kukan jigon ban ruwan mahaifina ne yake tashe mu kowace asuba a rani. Albasa, tumatir, latas, barkono, duk na san ƙishinsu. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "To, ashe ka fi ni sani." Ta haɗiye sauran maganar. Ni kuma na ce to a kan zancen kofin shayin, irin to ɗin da ake ce wa babba don kada a yi masa musu. Maganar ta bi ta bayan kunnena. Itace kamar wannan a ce kofin shayi! Rowar Turawa har ta kai ga shuka.

Washegari bayan sallar asuba na cika bokiti na ba shi ya sha har ruwa ya fito ta ƙasan ganga. Jibi ma haka. Na mai da shi aikina na kullum, kuma gaskiya shi kaɗai ne aikin da hannuna yake yi ba tare da na lallashe shi ba. Ba zan ce daɗi nake ji ba. Ina dai tsayawa ne in saurari ƙasa tana tsotse ruwa, in ta gama in sa takalmi in tafi Aldwych.

Bayan kwana goma ganyen ƙasa suka fara yin rawaya suna zuba. A garinmu ganye ba ya zuba sai ƙishi ya yi masa yawa, wannan ko jinjiri ya sani. Na ƙara bokitin yamma. Da na ga zubar ba ta tsaya ba na ce yunwa ce. A lokacin akwai wani tsoho mai keken doki da yake zagaya unguwa yana sayen tarkace. Na bi shi da shebur ɗin gawayin Mama har layi uku, ina sanye da taye, sai da dokin ya yi abin da nake jira. Matan unguwa suna leƙe ta labule. Na kawo takin da ɗuminsa na turbuɗa. Daga nan na ce sanyi ne, na sauko da hitar kananzir ɗin ɗakina na kunna masa, ni na koma kwana da rigar Kaduna.

Cikin Janairu wata safiya rana ta fito tas, sama ba ko ɗigon gajimare, irin wadda na yi wata biyu ban gani ba. Na ce yauwa, abin da yake nema ke nan. Na ja gangar ni kaɗai har tsakar gida na saita ta inda hasken ya fi, na tafi makaranta. Ban san cewa a ƙasar nan ranar da sama ta fi washewa ita ta fi sanyi ba. Da na dawo na tarar da sauran ganyen sun langaɓe sun yi baƙi kamar an dafa rama. Na ja shi ciki. Kafin sati ya zagayo ba ganye ko ɗaya a jikinsa, sai tsirara, rassa a miƙe.

Duk wannan lokaci kowace Lahadi ina zuwa duba Mama. Aikin ya yi kyau, amma sanyi ya shiga ƙirjinta, aka riƙe ta, daga baya aka mai da ta gidan jinya don ta koyi tafiya. Nakan kai mata lemo. Kafin in zauna take tambaya.

"Yaya itacena?"

"Lafiya lau, Mama."

"Bai ba ka wahala ba?"

"Ko kaɗan."

Sai ta koma ta jingina, fuskarta ta saki. Ba a kai wa majinyaci mugun labari, haka aka rene ni. Ko gidan mutum ne ya ƙone, in yana kwance sai ka ce komai da sauƙi, in ya miƙe ya gani da idonsa. Ban ɗauke shi ƙarya ba, ladabi na ɗauke shi. Matata ma haka take rubuto mini cewa kowa lafiya, ni ma haka nake mayar mata, kowannenmu ya san abin da ke ƙarƙashin takardar.

A ƙarshen Fabrairu suka ce ran Asabar mai zuwa za su sallame ta. Na fito daga wurinta na tsaya a tashar bas, motoci uku da zan iya hawa suka wuce ina kallo. Amana aka ba ni, guda ɗaya, ga ta can ta zama kara. Na san ya kamata hankalina ya tashi. Abin da na ji kawai shi ne yatsun ƙafata sun daina motsi.

A satin nan wani abokina na makarantar midil ya shigo gari. Ya bar aikin gwamnati ya kama kwangila, kuɗi masu gidan rana sun zauna masa, har ya sayi gida a tsakiyar birni. Na same shi a tsakanin akwatuna da kwalayen rediyo da zai yi tsaraba da su. Ya yi mini gaisuwar ɗana, na amsa, muka shafa fatiha. Sannan ya ƙare mini kallo.

"Mutumina, ka rame fa. Course ɗin ne?"

Na ba shi labarin itacen. Ya yi dariya har hularsa ta zame.

"Haba ɗan lambu! A kan itace? Ka yi replacing kawai. A garin nan akwai abin da ba a sayarwa? Tashi mu je, driver na waiting a ƙasa."

"Alhaji, na mijinta ne fa."

"To mijin ne zai dawo ya yi checking? Itace itace ne. Tsohuwa ta dawo ta ga abinta ya yi kyau, ta sa maka albarka, shi ke nan."

Ban ga laifin maganar ba, ban kuma ga kyanta ba. Na tashi na bi shi. Ya kai ni wani katafaren kanti, aka ratsa da mu har wani ɗaki mai ɗumi da ƙamshin damina, shuke-shuke kore shar kamar ba su san watan da ake ciki ba. Akwai irin namu guda huɗu ko biyar, duk da fure. Mai kanti ya tambaye ni wane launi. Na ce ja, domin duk wanda na taɓa gani a bariki ja ne. Na zaɓi wanda ya kai kafaɗata. Alhaji ya ce su yi delivering ran Laraba, ya hana ni sa hannu a aljihu.

Ran Laraba ban je makaranta ba. Na tumɓuke tsohon daga ganga. Ƙasar ta zama laka, saiwoyin ƙasa sun yi baƙi sun yi laushi, suna wari irin na fadama in ruwa ya daɗe a kwance. Na ce to, ga shaida, ya mutu. Mu kuwa ba mu saba barin matacce ya kwana ba. Ban yi tunanin jingine shi a lungu har mai shi ta dawo ba, ko kusa tunanin bai zo mini ba. Na ɗauko ɗan gatarin da take fasa itacen hura gawayi na daddatse shi guntu-guntu, na cika garwar shara na danne murfi. Na zuba sabuwar ƙasa, na dasa sabon, na share ɗakin na wanke daɓen. Ran Alhamis da safe masu kwasar shara suka zo kamar kullum. Ina jin su daga sama, ina ɗaure igiyar takalmi.

Da hantsin Asabar motar asibiti ta sauke ta. Ta rame, tana dogara sanduna biyu. Na karɓi jakarta na yi mata barka da dawowa, na ce ga shayi na dafa. Ba ta ko cire hula ba, ta miƙe ta cikin kicin, taku ɗaya hutu ɗaya, ina biye da ita. A ƙofar ɗakin gilashi ta tsaya.

Ga shi nan a cikin gangar mijinta, ganye na sheƙi, jan fure bakwai a buɗe kamar faifai. Ta daɗe tana kallo. Ni ina jiran ta yi murna.

"Furen nawa ruwan ƙwai ne," in ji ta.

Ta ci gaba.

"Kuma nawa ba ya fure a Fabrairu. Ko ganye ba ya da shi a Fabrairu. Kowace shekara sai ya zubar da su, ya tsaya kamar tsintsiya har Afrilu. Ina yake?"

Na faɗa mata. Ban rage komai ba, bokiti, taki, hita, rana, gatari. Muryata tana fita daidai kamar ina karanta rahoto a aji. Ta nemi kujera da ido, na jawo mata, ta zauna. Akwatin yashin nan yana kusa da ƙafarta, da waɗanda aka naɗe da jarida. Su ban taɓa su ba tun da ta tafi, domin ban ɗauke su a bakin shuka ba. Ga su sun fara fitar da 'yan tsiro jajaye. Ta tura akwatin gefe da sandarta za ta miƙe ƙafa, sai ga wani guntun itace a bayansa wanda tsintsiyata ba ta kai ba, bai fi rabin goro ba. Ta ce in miƙo mata.

Ta sa farcen babban yatsa ta kankare bawon. Ƙarƙashinsa kore ne shar, da danshi. Ta jujjuya shi tana neman ido inda zai iya tohowa. Gatarin ya faɗa tsakanin ido da ido, babu ko ɗaya.

Na san wannan gwajin. Kowane yaro a garinmu ya san shi, da shi muke zaɓen karan rogo kafin dashe. Farce ɗaya ne, ba ya cin ko numfashi biyu. Wata guda itacen yana tsaye tsirara a gabana safe da yamma ban yi ba. Na ga abu ya yi shiru, na yanke masa hukunci, na yi sauri na kawar da shi daga gabana.

"Yaushe suka kwashe shara?"

"Shekaranjiya, Mama."

Ta gyaɗa kai. Na tsaya ina jiran faɗa. A wurinmu babba yakan wanke ka tas, ka durƙusa ka ba da haƙuri, a wuce wurin. Ita ba ta ɗaga murya ba.

"Kowace Lahadi sai na tambaye ka."

"Kina kwance ne. A garinmu ba a gaya wa mara lafiya abin da zai tayar masa da hankali."

"Da sau ɗaya ka ce mini ganye na zuba, da na ce maka ka ƙyale shi, barci yake yi."

Kunya ta taso mini. Ita ce abu na farko da na ji sosai a jikina tun Oktoba, kuma da na sami zaɓi da ba ita na zaɓa ba. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce in tashi, daɓen da sanyi. Ta ciro hankici daga hannun rigarta ta naɗe guntun ta sa a aljihu.

"Fitar mini da wannan daga gangarsa."

Na ce ina zan kai shi. Ta ce duk inda na ga dama, ba dai cikin gidan nan ba. Na rungumo shi na tumɓuke, sabuwar ƙasar ba ta ko kama shi ba, furanni biyu suka faɗi a kan takalmina. Na buɗe ƙofar baya na ajiye shi a jikin katanga, saiwa a waje. Ruwan da ke cikin bokitina a bakin famfo ya yi ɓawon ƙanƙara tun safe bai narke ba. Na juyo na dube ta ta cikin gilashi ko za ta ce in rufe shi da wani abu. Ba ni take kallo ba. Ta jawo kujerarta kusa da gangar, ta tura hannu cikin ramin har wuyan hannu, tana laluben ko wata saiwa ta rage.